Filin Malamin Turanci: Illusion, Delusion, Hallucination, Ina Suka Raba Hanya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina neman ƙarin haske. A jarabawar gwaji ta WAEC da aka yi mana an kawo jimla kamar haka, "The water we saw on the road was just an ___", aka ba da zaɓi illusion, delusion da allusion. Na zaɓi delusion aka ce na faɗi, alhali da na duba ƙamus duk na ga kamar ruɗu ake nufi da su. Wai menene bambancin? Daga wata ɗaliba a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Tun kafin ma a je ga ma'ana, wannan "an" ɗin da ke gaban gurbin ya isa ya fitar miki da delusion daga lissafi, tunda kalmar da ta fara da baƙi "a" take ɗauka. Amma ki bar wannan, dabarar cin jarabawa ce kawai, ni abin da nake so ki riƙe shi ne inda kuskuren yake zaune, a ido ne ko a zuciya.

Illusion shi ne abin da mu ke cewa ido ya yi wa mutum gizo. Abu yana nan da gaske a gabanki, amma sai ki gan shi ba yadda yake ba. Kawalwalniyar da ke cikin jimlarki ita ce babban misali, kina tafiya a mota tsakar rana lokacin bazara sai ki hango kamar ruwa ya kwanta a kan kwalta, to abin da ke faruwa shi ne iskar da ke dab da kwaltar ta fi ta sama zafi, sai hasken da ke saukowa daga sararin sama ya lanƙwashe ya dawo idonki, hoton sama kike gani a ƙasa kenan. Direba zai gani, ɗan kamasho zai gani, ko da waya aka ɗauka za ta fito. Allah ma ya buga misali da ita a Suratun Nur aya ta 39, mai ƙishirwa yana zaton ruwa ne. Haka wata idan yana fitowa kusa da ƙasa ya yi ƙato, da ya yi sama kamar ya ƙanƙance alhali girmansa bai canja ba. Akwai kuma zanen layuka biyu da wani Bajamushe Müller-Lyer ya fitar a 1889, tsawonsu ɗaya amma saboda yadda aka yi musu kan kibiya sai ɗaya ya yi kamar ya fi tsawo, kuma ko kin auna da rula kin tabbatar idonki ba zai daina ganin hakan ba. Kinga kenan mai lafiya garau ma yana samun illusion, ba aibi ba ne.

Delusion kuma ba ruwansa da ido. Imani ne da mutum ya ƙudurce a ransa, ƙarya ce muraran, an kawo masa hujja ƙarara amma ko gezau. Likitocin ƙwaƙwalwa suna amfani da kalmar ga irin wanda ya haƙiƙance maƙwabta sun haɗa baki suna bibiyarsa za su kashe shi, ko wanda ya tsaya kai da fata shi ne shugaban ƙasa, ko a rediyo da shi ake magana. Har akwai wani nau'i da likitan Faransa Capgras ya bayyana a 1923, mutum ya ce matarsa ko ɗansa an musanya masa su da wasu masu kama da su. Allusion kuwa bai shiga wannan sahun ba sam, shi ne ambaton abu a fakaice, kamar habaici ko ishara, kamanceceniyar sauti ce kawai ta sa ake cusa shi a zaɓi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Kakarmu idonta ya yi rauni sosai, kwanan nan sai ta riƙa cewa tana ganin wasu yara ƙanana suna wucewa ta ɗakinta, kuma babu kowa. Likita ya rubuta visual hallucination a katinta. Shin yana nufin ta samu taɓin hankali ne? Hankalin gidanmu duk ya tashi. Daga wani ɗan uwa a Zariya.

AMSA: Allah ya ba Hajiya lafiya ya sa kaffara ne. Ɗan uwa ka kwantar da hankalinka tukuna, kalmar ita kaɗai ba ta nufin hauka. Hallucination shi ne gane-gane ko jiye-jiye, wato mutum ya ga abu, ko ya ji murya, ko wari, ko ya ji kamar abu na bin jikinsa, alhali babu komai a wurin kwata-kwata. Nan ya bambanta da illusion, idan an rataye riga a ƙusa cikin duhu ka ɗauka mutum ne a tsaye illusion ne saboda rigar tana nan, idan bangon fayau yake amma ka ga mutum to hallucination ne. Wani likitan Faransa Esquirol ne ya shata wannan iyakar a littafinsa na 1838 kuma har yau a kanta ake.

Abubuwan da ke kawo shi suna da yawa wallahi, zazzaɓi mai zafi, maleriya idan ta taɓa ƙwaƙwalwa, kwana da kwanaki ba barci, shaye-shaye, wasu magungunan asibiti ma, sannan da ciwon ƙwaƙwalwa. Kuma akwai wanda ke samun tsofaffin da ganinsu ya ja baya, tun a 1760 wani masani a Janeba mai suna Charles Bonnet ya rubuta yadda kakansa da ido ya lalace yake ganin mutane da tsuntsaye da gine-gine, kuma hankalinsa ras, ya san ba gaske ba ne, sunansa aka sa wa larurar. Ni ba likita ba ne kuma ban ga Hajiya ba, don haka ku koma wajen likitan ku tambaye shi kai tsaye me ya gano. Roƙona dai kada ku riƙa yi mata musu ko dariya, da yawan tsofaffi ɓoyewa suke yi don tsoron kada a ce sun zare.

TAMBAYA: Malam muna muhawara a Facebook kan wankan gishirin lokacin Ebola, wani ya ce duk wanda ya yi wankan delusional ne. Daidai ne? Daga wani malamin firamare a Azare.

AMSA: Malam gaskiya mutumin nan ya yi kaushin harshe, kuma Turancin ma bai zauna ba. A watan Agustan 2014 saƙo ya yi ta yawo a waya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, mutane suka tashi iyalansu aka yi, wasu har sai da aka kwantar da su asibiti. Amma da hukumomin lafiya suka fito suka ƙaryata ai yawanci sun bari. Wanda aka yi wa bayani ya karɓa misconception yake da shi, gurguwar fahimta, kuma kowa a cikinmu yana ɗauke da irinta a wani fanni. Ita maganar da ta bazu kowa na maimaitawa cewa gishiri na kare Ebola, Bature zai ce mata myth. Wanda kuma ya ce "ai na yi wankan kuma ban kamu ba, kenan gishirin ne ya kare ni", wannan fallacy ne, wato hujja ce mai karyayyar ƙafa, don miliyoyin da ba su yi wankan ba su ma ba su kamu ba. Superstition shi ne camfi, irin kada a yi shara da dare. Su likitoci ma ba sa kiran abin da al'umma guda ta yarda da shi a al'adarta ko addininta delusion, sai abin da mutum ya keɓanta da shi har danginsa suka ga ya saɓa hankali.

Abin da ke damuna shi ne yadda samarinmu suka mayar da delusional zagi a intanet, duk wanda ya saɓa maka a siyasa ko ƙwallo sai ka jefa masa, alhali akwai bayin Allah da ke kwance a asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Kware da Barnawa suna fama da ainihin ciwon. In za ka mayar masa da amsa ka rubuta "they were misinformed", wato labarin ƙarya aka ba su, shi ne abin da ya faru a 2014.