Hajiya na tsoron a dasa mata ƙarfe a muƙamuƙi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Atamfa nake sayarwa a kasuwar Kejetia. Bara aka cire mini turamen haƙori biyu na ƙasa, yanzu ko tsokar nama ba na iya taunawa ta wannan gefen. Ɗana ya ce akwai dashen haƙori da ake kafa ƙarfe cikin ƙashi. Ina da ciwon suga, kuma gabana faɗuwa yake. In yi ko in haƙura? Daga wata Hajiya, Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ɗanki ya faɗi gaskiya. Ƙarfen sunansa titaniyom, ɗan ƙarami ne mai zare, kuma ƙashin mutum na kama shi ya manne da shi. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya fara dasa wa mutum irinsa a 1965. Allurar kashe zafi ake yi a dasashi, idonki biyu za a gama.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne hoton da ake ɗauka kafin a taɓa ki. Cikin muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke sa ki ji leɓenki da haɓarki, kuma ta ƙarƙashin turamen nan da aka cire miki take bi. In aka huda ƙashi da ka aka taɓa ta, leɓe zai iya mutuwa watanni, wani lokaci ma har abada. Na'urar da ake kira CBCT tana zagaya kanki cikin ƙasa da minti ɗaya, ta fito da muƙamuƙin a kwamfuta ta kowace fuska: kaurin ƙashi, tsayinsa, da inda jijiyar ta kwanta. Daga wannan hoton ake iya buga wani ɗan marfi da ke zama daram kan haƙora, mai rami daidai inda za a huda. Tunda shekara guda ke nan da cirewa, ƙashin wurin ya fara zaizayewa, wataƙila sai an yi masa ciko tukuna.

Maganar suga kuwa, ba ta hana dashe, amma sai ya daidaita. In yana sama, rauni ba ya warkewa da wuri, ƙarfen na iya ƙin kamawa. Ki yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance cikin wata uku, ki tafi da sakamakon.

Kada ki sa ran fita da haƙori ranar. Galibi sai an jira wata uku zuwa shida kafin a ɗora shi. Aikin da tsada, Hajiya, kuma katin inshorar lafiya na gwamnati, wato NHIS, ba ya biyan haƙorin sawa, don haka ki nemi a rubuta miki kuɗin duka tun farko. Ki fara da sashen haƙori na asibitin Komfo Anokye, wato Gee. In asibitin kuɗi kika zaɓa, ɗanki ya tabbatar likitan na da rajista da hukumar likitoci ta Ghana. Duk wanda ya ce zai huda miki ƙashi bai ga hoto ba, ki ɗauki jakarki ki fito.