Kafin ka saki kaji a filin nan naka

Saƙonka ya iso. Ka ce filin da mahaifinka ya bar maka a bayan Bukuru, in ka zuba kaji ɗari ka sake su suna kiwo, ƙwan da za su yi zai riƙe ka ko kuwa? Har ka ƙara da cewa ka gani a waya wani yana cewa kajin sake ba sa cin kuɗin abinci. Da na so in bari sai ka zo aiki ranar Litinin, amma tambayar ta fama mini wani tsohon miki, bari in amsa tun raina yana kai.

Wanda ya ce maka kaza za ta ciyar da kanta ta kuma ba ka ƙwai kullum, bai taɓa saɓa buhun abinci a kafaɗa ba. Kazar Hausa ce ke ciyar da kanta, ita kuwa ƙwai 40 zuwa 60 za ta yi maka a shekara, ta yi kwanci, ta fito da 'yan tsaki shirwa ta raba ta da rabi. Kazar ƙwai ta gaske irin ISA Brown tana kaiwa wajen 300 a shekara, Shika Brown da aka fitar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya tana biye da ita. Amma kowace ɗaya sai ta ci giram 110 zuwa 120 na abincin leya, wato abincin kaji masu ƙwai, a rana. Kaji ɗari ke nan kusan rabin buhu mai kilo 25, kullum ta Allah, ko sun yi ƙwai ko ba su yi ba. Ciyawa da gara da fara da za su tsinta da damina suna rage maka wani abu, ban musa ba. To daga Nuwamba zuwa Maris fa, me ke filin Jos ban da ƙura da tsakuwa? Abin da sakin kaji ke ba ka shi ne gwaiduwa ja jawur, da kaza mai ƙarfin ƙafa wadda ba ta zauna tana tsattsagar 'yar uwarta ba, da damar ka sa wa ƙwanka kuɗin da ya fi na kasuwa. Noiler, kazar nan ta nama da ƙwai da kuke ta yayinta kuwa, tana da juriya a waje, tana da nama, amma in ƙwai ne zalla sana'arka, cinta ya fi ƙwanta.

Kada ka yi lissafi da naira. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashin masara bai zauna wuri ɗaya ba, abin da ka ji a kasuwar Katako yau ba shi za ka ji jibi ba. Yi lissafi da kiret. Kaji ɗari in suna ganiyarsu za su ba ka ƙwai 80 zuwa 85 a rana, wato kiret biyu da ƙwai ashirin da wani abu. Je ka tambayi kiret nawa ke sayen buhu ɗaya a ranar. In rabin buhun ya cinye kiret biyu, ƙwai ashirin ɗin nan su ne za su biya magani, da dusar katako, da kiret ɗin takarda, da kuɗin mota, su kuma biya sati 18 zuwa 20 da ka yi kana ciyar da su ba su ajiye maka ko ɗaya ba. Kai kuma ka ci me? Shi ya sa ƙaramin mai kiwo ba ya rayuwa a kan farashin dillali. Wannan farashin na masu kaji dubu goma ne a keji, waɗanda ke loda motoci zuwa Abuja da Kano da Maiduguri. Kai dole ƙwanka ya tashi daga hannunka zuwa hannun mai ci, kuɗinka kuma ya shigo kafin buhu ya ƙare.

A nan ne aka cuce ni, ɗana, kuma har gobe in na tuna sai abinci ya fita raina.

Ina da masu saye na, na shekara da shekaru. Matan aure a Rayfield da Tudun Wada, wata mai yin kek, masu shayi guda uku a wajen Terminus da ke cewa ƙwaina ya fi auki a kasko. Kiret ɗaya, kiret biyu, kuɗi hannu. Kwatsam wani mutum ya zo daga Abuja da wata farar mota mai buɗaɗɗen baya, shaddarsa tana ƙyalli, carbi a hannu. Da shigowarsa ya tsoma takalminsa a ruwan maganin bakin ƙofa ba tare da na ce ya yi ba, na ce a raina wannan ya san kaji. Ya ɗauki ƙwai ɗaya ya fasa a faranti, ya duƙa yana kallon gwaiduwar ta tsaya cur ba ta baje ba, ya ce, "Baba, wannan ai ba na Jos ba ne, na Maitama ne." Ya ce yana kai wa shaguna a Wuse da Maitama, inda masu kuɗi ke neman ƙwan kajin sake ko nawa ne. Ya ɗora mini a kan farashin kasuwa, ya biya nan take. Ya dawo ya biya. Ya sake dawowa ya biya, har da tsarabar atamfa ga iyali.

Da ya ga na saki jiki sai ya ce shi duk abin da kajin suka yi yake so, kada in riƙa tsinka masa kaya. Mutumin da bai taɓa riƙe maka sisi ba, me za ka ce masa? Na sallami masu shayi. Mai kek ta zo har gida tana roƙo, na ce ta yi haƙuri.

Sai ga farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Ka tuna yadda aka yi, takardar naira ta ɓace, mutane na kwana a layin banki, wanda zai sayi ƙwai biyu da burodi ba shi da tsabar da zai bayar. Ƙwai ya yi kwantai a ko'ina, manyan gonaki na neman wanda zai kwashe ko a faɗuwa ne. Mutumina ya zo ya loda, ya nuna mini waya ya ce ga shi ya tura, matsalar netiwok ce, zai shigo da dare. A lokacin kowa haka yake fama, ban kawo komai a raina ba. Sati ya zagayo ya sake lodawa, ya rantse da Allah ya ce banki ne ya riƙe, ya ba ni ɗan abin da bai kai kuɗin buhu biyu ba. Haka ya yi ta ja na har kaya suka haura kiret ɗari a kansa. Daga nan waya a kashe.

Na bi shi Abuja. Ta Akwanga da Keffi, da kuɗin motar da na ranta. Adireshin da ya ba ni shagon gyaran waya ne, ba su taɓa jin sunansa ba. Wani ɗan dako a Utako ne ya gane kwatancen motar, shi ya faɗa mini abin da ya fi bashin ciwo. Ashe ƙwaina ado yake yi da shi. Sai ya sayi na keji mai araha ya cika kiret, ya jera nawa a layin gaba, ya ɗan shafa ƙasa a ɓawon sauran, ya maƙala gashin kaza ɗaya ko biyu, ya sayar duka da sunan na sake. Gumina ne yake rufa wa ƙaryarsa asiri. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba.

Kuɗin ƙwan ma ba shi ne babbar asarar ba. Mai abinci ya ce ba bashi, shi ma da gaskiyarsa. Na koma haɗa musu dusa da ɗan tsakin masara. Kaza ba ta san uzuri ba. Cikin 'yan kwanaki ƙwai ya faɗi ƙasa da rabi, ɓawo ya yi laushi har yana fashewa a hannu, suka koyi shan ƙwansu, wasu suka fara zubar da gashi. Da na samu na dawo da abincin kirki, makonni na yi ina ciyarwa kafin su dawo, wasu ma ba su dawo ba sai wuƙa. Da na koma wa masu shayina kuwa, wani ya riga ya zauna a gurbina. Ɗaya daga cikinsu ya dube ni ya ce, "Baba, ina mutumin Abuja?" Ban ce masa komai ba.

Don haka ka ji ni da kyau. Kada mutum ɗaya ya riƙe fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙwanka, ko limamin unguwarku ne. Gida goma sha biyar masu ɗaukar kiret ɗaya a sati sun fi maka mai mota. Hoton alat a wayar wani ba kuɗi ba ne, sai ka gani a taka. Kuma kafin ka sayi tsako ɗaya, ka ware kuɗin abincin sati biyu da ba za ka taɓa ba ko bikin wa ake yi. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Gina akurki da ba tsaki ɗumi ba zan ɓata lokaci a kansu ba, wanda ya yi shekara a gonata bai iya wannan ba ya koma acaɓa. Abin da za ka iya mantawa shi ne kaza da safe take yawan ƙwai. Kada ka buɗe musu sai wajen ƙarfe sha ɗaya, in ba haka ba a gindin ciyawa za su zuba maka, gafiya da maciji da yaran maƙwabta su riga ka. Akwatin ƙwai ɗaya ga kaji huɗu ko biyar. Raba filin gida biyu ko uku da waya, su ci wannan wancan ya huta, saboda tsutsar ciki a ƙasa take jiran su, maganinta kuma kada ya wuce wata uku. Bar musu inuwa da wurin fakewa, shaho fili fetal yake so. Sa ƙwan sola ya cika musu haske awa 16. Zakara kuwa ba ka buƙatarsa, kaza na yin ƙwai ba shi, abinci kawai zai ci maka.

Kana zaune kusa da Vom, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi take tun 1924, mutane daga nesa ke zuwa sayen rigakafin da kai za ka je da mashin ka dawo kafin azahar. In cutar fakat, wadda ake ce wa Newcastle, ta shiga garkenka da hunturu, ganganci ne. Ɗauko rigakafinta, Lasota, a fulas da ƙanƙara, hana su ruwa na awa biyu, haɗa da ruwan rijiya ba na famfo ba don sinadarin famfo na kashe maganin, su shanye cikin awa biyu. Murar tsuntsaye kuwa, wadda ta fara ɓulla a ƙasar nan a 2006 ta dawo a 2015, mai kajin sake ya fi kowa zama a bakinta. Tsofaffin tafkunan haƙar kuza da ke zagaye da ku tsuntsayen daji ke sauka a kai. Kada kajinka su sha daga nan, kada ka haɗa su da agwagwa, kuma kiret ɗin takardar da ya je wata gona kada ya ƙetare ƙofarka.

Na san halin yaran yanzu. Kafin ku mallaki kaza ɗaya kun buɗe shafi a Facebook, kun sa wa gona suna, kun buga kati. Ƙarfe tara kuna kwance, mazubin ruwa ya bushe tun asuba, alhali kaza na shan ninki biyu na abin da take ci. Littafin kobo biyu da za ku rubuta ƙwai nawa aka ɗauka yau, buhu nawa ya fita, wa ake bi, shi ne ya gagare ku. Mu da muka koya, da yatsa muke sanin kazar da ke ci a banza. Kama ta da dare, ka sa yatsu tsakanin ƙasusuwa biyun da ke gefen duburarta. In uku sun shiga, tana aiki. In ɗaya ne da ƙyar, ga tukku ya yanƙwane ya yi fari, fitar da ita gobe. Da wannan yatsan kuma za ka tsira daga masu sayar da tsofaffin kaji da sunan 'yan mata masu shirin fara ƙwai.

Kashinsu kada ka bari ruwa ya taɓa shi. Tara shi a bushe a buhu, manoman dankalin turawa na Bokkos da Mangu da masu lambun kabeji da karas za su biyo ka har gida da kuɗinsu. Su kansu kajin, in sun yi shekara ɗaya da wani abu suna ƙwai ka ga lissafin kiret ya daina biyan buhu, sayar da su. Ka saita shigowarsu yadda fitarsu za ta faɗo a kan ƙaramar Sallah ko Kirsimeti, nan Jos duka biyun kasuwa ce. Kuɗin da ka samu a kansu na sabon zubi ne, wanda ya kamata a ce ya kai wata huɗu a ɗaki kafin tsofaffin su fita. Ka fara da hamsin, ba ɗari ba. Ranar Litinin ka zo da littafi da biro, da sunayen gidajen da suka ce za su saya.