Wai Duk Abubakar Ɗan Gida Ɗaya Ne?

Amaryata, saƙonki ya iso, ƙanenki ya karanta mini har sau biyu. Wai Atiku Abubakar da Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar dangi ne, tunda sunansu na ƙarshe ɗaya? Na yi dariya har da tari, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Kina jami'a fa!

Atiku mutumin Jada ne, can Adamawa. Abdulsalami ɗan Minna ne, shi ya miƙa mulki a 1999 ranar da aka rantsar da Atikun mataimakin shugaban ƙasa, kuma ba wanda ya ce wa ya ba ƙanensa. Sarkin Musulmi kuwa sunan mahaifinsa ne, Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 a kan gadon sarauta, 1938 zuwa 1988. Kakata takan ce kama da wane ba ta wane.

Mu da muka tashi, sunan yanka muka sani, sai laƙabi. Ranar da aka kai ni elementare ina kuka, hedimasta na zaune gindin darbejiya da rajista da kwalbar tawada. Ya ce, "Abubakar!" Mu huɗu muka miƙe. Na biyar yana zaune abinsa, shi Garba ya san kansa, bai taɓa jin cewa Garba da Habu da Buba duk Abubakar ba ne. Aka ce kowa ya faɗi sunan ubansa. Ni na sunkuyar da kai. Ina ni ina kama sunan Malam a bainar jama'a? Ko Inna ba ta taɓa furta shi ba. Bulala biyu na sha ban buɗe baki ba. Da ya gaji sai ya tambayi garin kowa, ya liƙa mana. Har yau da shi nake karɓar fansho. Shagari da Tafawa Ɓalewa da kike ji, ai garuruwa ne. Baffana ya ji labari ya ce suna linzami ne, an sa mini na boko.

Akwai dai gidajen da sunan ya bi jini, irin su Ɗantata a Kano da 'Yar'aduwa a Katsina. Waɗannan kam dangi ne.

Abin da ke damuna, yanzu sai ki ga yarinya ta yi aure, sati bai zagayo ba ta goge sunan ubanta ta ɗora na miji. Ke ma na ji kina kiran babanki gatsal a waya. In kin zo hutu ki taho mini da goro fari, mu zauna in ji ko kin san sunan kakan kakanki.