Tambaya da Amsa: Kalanda Ɗaya ga Ofishi Mai Mutum Takwas

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni sakatariya ce a wani ofishin lauyoyi a Kaduna. Mu takwas ne, har da akawu da masinja. Akwai kwamfuta a ɗakin ajiya da muke zuba takardu, kowa ya ɗauka ta Wi-Fi, imel kuma a Outlook muke buɗewa. Ranakun kotu ne suke ba mu wahala. Sai a ɗage shari'a, lauya ya rubuta a wayarsa, ni ban sani ba, in ba wani baƙo lokaci a wannan ranar. Wani yaro ya ɗora mana fayil ɗin kalandar Outlook a foldar da muke rabawa, amma da mutum ɗaya ya buɗe sai ya ƙi buɗe wa saura. Oga kuma ya ce ba ya son sunayen masu shari'a su fita daga ofis. Mene ne mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Kafin komai, yau ɗin nan ki kwafi fayil ɗin nan ki adana, sannan a cire shi daga foldar. Irin fayil ɗin da Outlook ke ajiye wasiƙu da kalanda a ciki, mai ƙarewa da .pst, na mutum ɗaya ne. Wanda ya riga buɗewa ya kulle shi ke nan. Microsoft da kanta ta ce kada a ajiye shi a folda ta cikin netiwok, kuma ranar da aka ɗauke wuta Outlook na tsakiyar rubutu a cikinsa, yana iya lalacewa ku rasa duk abin da kuka tara.

Abin da ya ruɗi yaron shi ne ganin imel da kalanda a allo ɗaya. Hanyarsu ba ɗaya ba ce. IMAP da POP, waɗanda yawancin ƙananan ofisoshi ke karɓar imel da su, wasiƙa kawai suke ɗauka. Kalandar da kike gani a Outlook ɗinki a kwamfutarki take kwana, ba ta zuwa ko'ina. Manyan ma'aikatu suna ganin kalandar juna ne saboda akwai Exchange a bayansu, wato manhajar Microsoft da ke riƙe imel da kalandar kowa a saba (kwamfutar da sauran na'urori ke ɗauko bayani daga gare ta), ko a ɗakin sabarsu ko ta Microsoft 365. Exchange na cikin gida ba na ofishin mutum takwas ba ne: ga kuɗin lasisi, ga na'ura mai ƙarfi, ga mai kula da ita kullum. Idan wani ya zo da Exchange 2016 ko 2019 a filashi ya ce zai saka muku da araha, ku sallame shi da fatar baki. Microsoft ta daina kula da su tun 14 ga Oktoba 2025.

Abin da kuke buƙata shi ne CalDAV. Ƙa'ida ce da aka fitar a 2007 don kalanda ta zauna a saba ɗaya, wayoyi da kwamfutoci su riƙa leƙowa suna ɗaukar sabo, suna kuma kai nasu.

Ga wata magana da za ki kai wa Oga cikin ladabi. Idan kamfanin da ya yi muku shafin intanet shi ne ke riƙe da imel ɗinku, to sunayen da yake karewa sun daɗe da fita, suna kwance a sabar kamfanin. In haka ne, a tambayi kamfanin ko cPanel, wato manhajar kula da shafin intanet da imel, suke amfani da shi, domin yana zuwa da CalDAV a ciki. Asusun imel ɗaya da kowa zai haɗa kalandarsa ya isa a fara, ba tare da sayen komai ba. Aibinsa kowa na shiga da kalmar sirri ɗaya, ba za a san wa ya goge me ba.

In kuwa Oga ya kafe sai a cikin ofis, manhajoji biyu na kyauta ne aka fi ɗauka. Radicale ƙarama ce ƙwarai, tana ma hawa Windows, amma raba kalanda tsakanin mutane sai an rubuta dokokin izini da hannu a fayil, aikin da ba zan bar wa sakatariya mai tarin aiki ba. Ni Nextcloud nake zaɓa, wadda aka fara a Jamus a 2016. A burauza ake buɗe ta, ki ƙirƙiri kalanda, ki danna sunan mutum, ki zaɓa ko kallo kawai zai yi ko har da gyara.

Kada a taɓa kwamfutar ɗakin ajiya, a bar ta da takardunta. A nemi tsohuwar laftof mai RAM 4GB ko sama, a sa mata SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri), a ɗora Ubuntu Server a madadin Windows. Wajen sakawa ma zai jero wasu manhajoji da Nextcloud a ciki, zaɓa kawai za a yi. Laftof na ce ba don araha kaɗai ba. Tana da batirinta, tsakanin ɗauke wuta da tayar da janareta ba za ta mutu ba. Sai dai a tuna a hana ta barci idan an rufe murfi, in ba haka ba mai shara zai rufe ta da yamma da kyakkyawar niyya, da safe kowa ya ce kalanda ta mutu. A kuma haɗa ta da rawuta da kebul, ba da Wi-Fi ba.

Sai adireshi. Rawuta takan raba wa na'urori lambobi irin 192.168.1.20, kuma bayan ta mutu ta dawo tana iya ba laftof ɗin wata lambar daban. Wayoyinku kuwa tsohuwar suka sani. Su je su ƙwanƙwasa, shiru. A shiga saitin rawutar a keɓe wa laftof ɗin lamba ɗaya ta dindindin, a rubuta a takarda a manna a jikinta. Mai haɗa muku ya kuma kunna HTTPS, domin kalmar sirri kada ta riƙa yawo a fili, kuma iPhone kan yi gardama idan babu shi.

Kowa da asusunsa da kalmar sirrinsa. Kalanda uku sun ishe ku: ta kotu, ta ganawa da baƙi, ta hutun ma'aikata. Ta kotu ke da lauyoyi ku iya gyarawa, akawu da masinja kallo kawai. Ku kuma tsayar da salon rubutu ɗaya, misali lambar ƙara, sai kotu, sai sunan lauya. Wannan ma ya rage wa Oga damuwa, tunda ba dole ne sunan mai shari'a ya fito ba. Idan wani ya goge rana bisa kuskure, akwai kwandon shara a kalandar, a duba can kafin a tayar da hankali.

Haɗa na'urori ba dogon aiki ba ne. Manhajar imel ta Thunderbird da iPhone sun san CalDAV, adireshi da suna da kalmar sirri kawai za a ba su. Android sai an saka DAVx5, kyauta ce a rumbun manhajoji na F-Droid, ta kuɗi ce a Play Store, kuma a cire ta daga cikin manhajojin da waya ke kashewa don tsimin batir. Outlook na asali yana buƙatar ƙarin da ake kira Outlook CalDav Synchronizer. Sabon Outlook ba ya karɓar irin wannan ƙarin, mai shi sai ya koma na asalin ko ya buɗe kalandar a burauza.

Inda gizo ke saƙar shi ne harabar kotu. Barista ya fito, alƙali ya ba da rana, ya rubuta a wayarsa. Rubutun zai zauna a wayar, ba zai iso gare ki ba sai ya dawo wayar ta kama Wi-Fi ɗin ofis. In daga kotu ya wuce gida ranar Juma'a, sai Litinin. Buɗe ƙofa a rawuta don a shigo daga waje galibi ba ya yiwuwa da rawuta mai layin waya, domin kamfanonin sadarwa kan tara mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya, kuma ko da zai yiwu ba na so. A saka Tailscale a laftof ɗin da wayoyin lauyoyi. Tana gina hanya a rufe tsakaninsu, kamar suna cikin ofis. Amma wannan na nufin laftof da rawuta su kwana a kunne, don haka sai da inbata ko ƙaramar sola.

Duk ranar Juma'a ki sauke kowace kalanda a matsayin fayil .ics ki zuba a filashi, ki kuma buga ranakun kotun mako mai zuwa a takarda. Alƙali ba zai saurari labarin saba ba.

TAMBAYA: Malam, ina aiki a wata ƙungiya a Kano. Tun watan Afrilu, in na aika gayyatar taro ta imel na sa ƙarfe 10, sai abokan aiki su ga ƙarfe 9. Agogon kwamfutata kuma daidai yake.

AMSA: Malam, agogon yana nuna daidai ne don wani ya gyara shi da hannu, amma yankin lokacin da aka saka ba namu ba ne. Ina kyautata zaton kwamfutar 'yar Kwatano ce, ta zo da lokacin Faransa ko Jamus. Da sanyi lokacinsu ɗaya da namu, shi ya sa ba ka lura ba. Daga Lahadin ƙarshen Maris zuwa Lahadin ƙarshen Oktoba suna tura agogo gaba da awa ɗaya, mu kuwa a Najeriya da Nijar ba ma canjawa. Gayyata takan tafi da yankin mai aikawa, ƙarfe 10 na Faris a wannan tsakanin kuwa ƙarfe 9 ne a Kano. Ka shiga saitin lokaci na Windows ka zaɓi wanda aka rubuta West Central Africa, ka bar agogon ya riƙa saita kansa ta intanet, ka duba Outlook ma ya bi. Tarukan da ka riga ka aika, musamman masu maimaituwa duk mako, sai ka soke su ka aika sababbi.