Hukuncin Dasa Zaren Kolajin na Alade Domin Maganin Kumburin Hannu

Tambaya: Malam, an yi wa mahaifiyata tiyatar sankarar mama aka cire kaluluwar hammatarta, kuma tun daga nan hannun ya kumbura har awarwaro ba ya shiga. Yayana da ke Amurka ya ce akwai zaren da ake dasawa a ƙarƙashin fata, amma daga alade ake samo shi. Ya halatta? Daga wata baiwar Allah, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah Ya ba mahaifiyarki lafiya, 'yar'uwa.

Wannan kumburi yana faruwa ne idan hanyoyin da ke kwashe ruwan jiki suka yanke ko suka toshe, sai ruwan ya taru, kamar yadda ake gani a ciwon tundurmi. Zaren da yayanki yake nufi, irin wanda ake kira BioBridge, da kolajin ɗin alade da aka tace ake yin sa, wato sinadarin da ke ba fata da ƙashi ƙarfi a jikin dabba da mutum. Ana shimfiɗa shi domin sababbin hanyoyin ruwa su bi shi su tsiro, daga baya jiki ya narkar da shi.

Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani, ya kuma hana magani da haram, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito. Wasu za su kafa hujja da istihala, wato rikiɗewar najasa zuwa wani abu dabam, tunda taron malamai da likitoci a Kuwait a 1995 ya halatta jelatin (abin da ake samu idan an dafa kolajin ɗin fata da ƙashin dabba, har da alade) a kanta. Ni dai ban natsu da yin ƙiyasi a nan ba, domin kolajin ɗin bai rikiɗe ba. Tsarinsa na asali ne ma ake buƙata don aikin ya yiwu.

Ƙofar da ta fi ƙarfi ita ce lalura. Allah Ya ce a Suratul An'am, aya ta 119, Ya bayyana abin da Ya haramta "face abin da aka tilasta ku gare shi". Imam Nawawi kuma ya bayyana cewa wanda ya ɗora ƙashinsa da ƙashi mai najasa saboda rashin mai tsarki yana da uzuri, kuma mas'alarmu ta yi kama da wannan ƙwarai.

Saboda haka dasawar ta halatta idan amintaccen likita ya tabbatar cewa ɗauri da bandeji, tausa da motsa hannu ba su wadatar ba, cewa babu madadi mai tsarki da zai yi aikin, kuma yana rinjayar da zaton samun sauƙi, kasancewar maganin sabo ne da ake ci gaba da bincike a kansa. Ku fara tuntuɓar likitocinta, ko ƙwararru a asibitin koyarwa na Shika, kafin ku kashe kuɗin tafiya.

Idan an dasa, alwalarta da sallarta ingantattu ne, domin abin da ya ɓuya a cikin jiki ba a yi masa hukuncin najasar da ke ɓata salla. Wallahu a'alam.