Idan Korona Ta Sake Tasowa, Za a Sake Kulle Mu?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina sayar da tumatir a kasuwar Farin Gada, Jos. Ana ta cewa korona ta dawo, ga tari da mura sun cika unguwarmu. Za a sake kulle gari ne? Wancan karon kayana ruɓewa suka yi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya mayar miki da alheri. Ki kwantar da hankalinki, yanzu ba da kulle ake farawa ba.

Lokacin da aka rufe Abuja da Legas ranar 30 ga Maris 2020, wata guda ke nan da samun mutum na farko mai cutar a Legas. Jikinmu bai san cutar ba, allurar rigakafi kuma ba ta iso Abuja ba sai 2 ga Maris 2021. Yau jikin yawancin mutane ya gamu da ita, ta allura ko ta kamuwa. A Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke ta daga matakin gaggawa, amma ba ta ce ta tafi ba. Ƙwayar tana sauya kama, kamar yadda nau'in Omicron ya ɓullo a ƙarshen 2021, kariyar jiki kuma tana raguwa, shi ya sa take tasowa lokaci-lokaci.

In ta taso, ba masu tari muke ƙirgawa ba. Gadajen asibiti muke dubawa: mutum nawa aka kwantar, nawa ke buƙatar oksijin. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa kan auna samfur a ɗakin gwajinta na Gaduwa, Abuja, don a gane irin ƙwayar da ke yawo. Muddin gadaje ba su cika ba, sa takunkumin fuska a asibitoci da kare tsofaffi, masu ciwon suga da masu asma sun fi rufe kasuwa amfani.

A gaskiya ɗakin kwananku ya fi damuna fiye da kasuwa, don a kasuwa iska na kaɗawa. Sanyin Jos kan sa a toshe taga, wasu har da kaskon garwashi, wanda hayaƙinsa kaɗai kan kashe mutum. A bar kafar iska. Kuma a daina sayen kafso a kemis saboda mura, ba ya kashe wannan ƙwayar. Wanda numfashi ya yi masa wuya, ko ƙirjinsa ke ciwo, a kai shi asibiti nan take, ko a kira NCDC a 6232.