Kafin ka juye kuɗin ritayarka zuwa asusun Roth

Wani ɗan kasuwa mai shagon atamfa da shadda a unguwar Bronx ta birnin New York, ɗan shekara 48, ya aiko da tambaya. Yana da dala 100,000 a asusun ritaya na SEP IRA, wato na masu sana'ar kansu wanda ba a biya wa kuɗin cikinsa haraji ba tukuna, ƙaninsa kuma ya ba shi shawarar ya juye su gaba ɗaya zuwa wani nau'in asusun ritaya mai suna Roth IRA bana, wai Roth ba ya da haraji, bayan shekara biyu ya cire ya sayi filaye a gida ya jira su ninka.

Alhaji, kuskurenka ɗaya ne: ka ɗauki maganar ƙaninka tamkar hukunci, alhali bai taɓa buɗe littafin shagonka ba, kuma ba shi hukumar harajin Amurka, wato IRS, za ta aiko wa takarda ba. Gaskiya ne Roth ba ya da haraji a ranar cirewa idan an cika sharuɗɗa, amma harajin ana biyansa ne a ranar shiga. Duk abin da ka juye za a ɗora shi a kan ribar shagonka ta wannan shekarar a lissafa shi a matsayin kuɗin shiga. A 2025, ma'aurata masu cike takardar haraji tare suna barin matakin kashi 12 cikin ɗari su hau na kashi 22 da zarar kuɗinsu mai haraji ya haura dala 96,950. Ka ce kasuwa ta yi kyau bana, don haka akasarin kuɗin nan a mataki na sama za su faɗa, wato kimanin dala 22,000 na gwamnatin tarayya kaɗai, ga na jihar New York, ga na birnin.

Na ga wani direban tasi da surukinsa ya kai shi ya baro ta wannan hanya. Da Afrilu, watan biyan haraji, ta zo ba shi da abin biya, sai da ya sayar da motar da yake neman abinci da ita, surukin kuwa ya daina ɗaukar waya. Kafin 2018 mutum yana iya warware juyin idan ya ga ya yi ganganci, amma dokar harajin 2017 ta rufe wannan ƙofa.

Batun filaye kuma ya fi muni. Kowane juyi yana da nasa wa'adin shekara biyar, wanda ake ƙirgawa daga 1 ga Janairun shekarar da aka yi shi, kuma wanda bai kai shekara 59 da rabi ba idan ya cire kafin wa'adin zai biya tarar kashi 10. Ka biya haraji, ka biya tara, don filin da ba ka ga takardarsa ba.

Idan har kana son Roth, ka juya kaɗan-kaɗan, a shekarun da kasuwa ta ja baya, gwargwadon abin da zai cike matakin kashi 12 ba tare da ya tsallake ba. Ka jira watan Nuwamba lokacin da ribar shekara ta fito fili, amma kada ka wuce 31 ga Disamba, domin juyi ba ya jiran Afrilu. Harajin kuma ka biya shi daga aljihunka, saboda abin da aka yanka daga cikin asusun shi ma tara za ta hau kansa. Ka kai littafinka wurin akanta mai lasisi, ya cike maka fom mai lamba 8606, wanda ake bayyana juyin a cikinsa.